Yadda ake sarrafa "squeeze in" da danginsa a Turanci

Turanci yana da wasu aikatau masu tafiya da ƙaramar kalma a bayansu, waɗanda malaman harshe ke kira *phrasal verbs*. Wanda ake ɗaukowa idan mutum ko kaya za su shiga wurin da bai ishe su ba sai da matsi shi ne *squeeze in*. Mota ta cika amma yaron mota yana son ƙara mutum ɗaya, jaka ta ƙi rufuwa ga shi akwai sauran riga, benci na mutum huɗu ne amma na biyar ya zo yana tsaye: duk nan wurin amfaninsa ne.

Abin da ke wahalar da mai koyo shi ne *squeeze* ba *in* kaɗai yake ja ba. Yana tafiya da *into*, *through*, *past*, *by*, *under*, *between*, *out* da *up*. Wanda ya ce zai haddace kowanne daban zai gaji, kuma zai riƙa cakuɗa su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba aikin gida biyu. Aikatau ɗin shi ne yake ɗauke da matsin, kuma ba ya canzawa. Ƙaramar kalmar ita ce take faɗin inda aka nufa: ciki, waje, ta tsakiya, ta gefe, ta ƙasa. Bahaushe ya saba da irin wannan tsari, sai dai shi a ƙarshen aikatau yake yin sa. Muna cewa shiga, shigo, shige, shigar, ko matsa, matso, matse, tushe ɗaya amma alƙibla ko sakamako ya bambanta. Abin da Hausa ke yi da sauya wasalin ƙarshe, Turanci yana yin kusan irinsa da ƙara 'yar kalma.

Fara da aikatau ɗin shi kaɗai

*Squeeze* ba tare da komai a bayansa ba yana nufin matsa abu da hannu ko tsakanin abubuwa biyu. *Squeeze an orange* shi ne matsa lemo. *She squeezed my hand* ta matsa min hannu. *Squeeze the tube* matsa kwalin man goge baki. Ka riƙe wannan hoton na matsi daga ɓangarori biyu, domin shi ne yake bin duk sauran. Idan babu matsi a cikin abin da kake son faɗa, ba *squeeze* kake buƙata ba. Mutumin da ya shiga motar da babu kowa a ciki *got in* ya yi. Idan ka ce *he squeezed in*, mai sauraro zai ɗauka ko dai motar a cike take, ko mutumin ne ƙato, ko ƙofar ce ba ta buɗuwa sosai.

Siffofinsa huɗu ne, kuma ba ya cikin aikatau masu tawaye, wato waɗanda ba sa bin ƙa'idar ƙara *ed* a shuɗaɗɗen lokaci: *squeeze, squeezes, squeezed, squeezing*. A ta ƙarshen ana yar da harafin *e* kafin a ƙara *ing*.

Bambancin *in* da *into*

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka a nan ya kamata a daɗe.

*Into* tana buƙatar a ambaci wurin da aka shiga nan take a bayanta. Ba a tsayawa a kanta. *Six of us squeezed into the taxi*, mu shida muka matsu cikin tasi. *He squeezed into his old trousers*, ya cusa jikinsa cikin tsohon wandonsa. Idan ka ce *we squeezed into* ka yi shiru, jimlar a rataye take, mai sauraro yana jiran ya ji cikin me.

*In* kuma ana amfani da ita idan an riga an san wurin, ba sai an ambata ba. *The bus was full, but I squeezed in.* An ambaci motar tun farko, sai *in* ta rufe zance. Haka *Can I squeeze in?* idan kana tsaye gaban benci kana nuna 'yar kafar da ta rage.

To ga inda abin yake da daɗi. Idan suna ya biyo bayan *squeeze in* kai tsaye, galibi wannan sunan ba wurin da aka shiga ba ne, shi ne abin da aka cusa. Duba waɗannan biyun:

*We squeezed into another car.*
*We squeezed in another car.*

Ta farko tana cewa mun matsu cikin wata motar. Ta biyu tana cewa mun samar wa wata mota wuri, misali a wurin ajiye motoci da ya riga ya cika. Haruffa biyu ne kawai bambancin, amma a ɗaya mu ne a ciki, a ɗayar motar ce aka cusa. Haka *squeeze into a meeting* kutsawa ne cikin ɗakin taron da ya cika, *squeeze in a meeting* kuwa samar wa taro lokaci ne a ranar da ayyuka suka yi yawa.

Gaskiya ne za ka ji Turawa a hira suna cewa *squeeze in the back* suna nufin matsuwa a kujerar baya, domin a zancen baki *in* takan maye gurbin *into*. Ka gane shi idan ka ji, amma a rubutu da jarrabawa irin su WAEC, NECO, JAMB ko IELTS ka riƙe *into* duk inda za ka ambaci wurin. Ba za a taɓa kama ka da laifi a kanta ba.

Inda karɓau yake zama

Wani lokaci kai ne kake matsuwa, wani lokaci kuma wani abu kake cusawa. Idan wani abu ne, shi ake kira karɓau, kuma dole ka san inda za ka ajiye sunansa a jimla.

Da *into* tsarin ɗaya ne tak: aikatau, abin da aka cusa, *into*, sannan wurin. *She squeezed the shoes into the bag.* Ba a cewa *she squeezed into the bag the shoes*. Mai sauraro zai fara hango ita kanta matar a cikin jaka kafin ya ji sauran.

Da *in* akwai zaɓi. Idan suna ne, yana iya zuwa tsakiya ko ƙarshe: *squeeze one more passenger in* da *squeeze in one more passenger* duk daidai ne. Idan sunan ya yi tsawo, a kai shi ƙarshe don kada *in* ta yi nisa da aikatau ɗinta har a manta da ita: *I squeezed in all the books I bought at the market yesterday.*

Amma idan wakilin suna ne, wato *me, you, him, her, it, us, them*, babu zaɓi, tsakiya yake zama. *Squeeze me in. Squeeze it in. Squeeze them in.* Ba a cewa *squeeze in me* ko *squeeze in them*. Dalilin shi ne nauyin murya a irin wannan jimla yana sauka ne a kan *in*, wakilin suna kuwa kalma ce mara nauyi, Turanci ba ya son ta zo ta bayan mai nauyin ta rufe jimla. Wannan doka ba ta *squeeze* kaɗai ba ce. Ita ce a *pick it up*, *put it on*, *turn it off*. Idan ka kama ta a nan, ka kama ta a aikatau masu yawa.

Kada ka rikita *squeeze it in* da *squeeze into it*. Ta farko, abin ne kake cusawa. Ta biyu, kai ne kake shiga cikin abin. Mace tana riƙe da riga a gaban akwati za ta ce *I can squeeze it in*, zan iya cusa ta. Tana riƙe da ita a gaban madubi za ta ce *I can squeeze into it*, za ta shige ni ko da da ƙyar.

Ana iya ƙara *myself, himself, themselves* idan ana son jaddada ƙoƙarin da aka yi: *he squeezed himself into the corner*. Ba dole ba ne, ma'anar ba ta sauya, nauyi kawai ta ƙara. Idan kuma wani ne ya matse ku ba da son ranku ba, sai a juya jimlar: *we were squeezed into the back seat*, an cunkusa mu a kujerar baya.

Sauran ƙananan kalmomin

*Squeeze through* kurɗawa ne, ka shiga ta nan ka fita ta can. Ana amfani da shi da kafar shinge, ƙofar da aka buɗe kaɗan, lungu, ko taron jama'a: *the goat squeezed through the fence*, *we squeezed through the crowd*. Bambancinsa da *into* shi ne mai *into* yana ciki har yanzu, mai *through* ya fita ɗaya ɓangaren. Yana iya tsayawa shi kaɗai: *the gap was narrow, but she squeezed through*.

*Squeeze past* raɓawa ne ta gefen mutum ko abu a wuce. Shi ne abin da za ka faɗa a cikin jirgi ko a layin kujeru idan kana son fita: *Sorry, can I just squeeze past?* Wannan *just* ɗin ba ado ba ne, tana sassauta roƙon, kamar yadda muke cewa "ɗan ba ni hanya". *Squeeze by* ma'anarsu ɗaya. A rubutu a kula, *past* ce, ba *pass* ko *passed* ba. Masu rubuta *he squeezed passed me* sun jera aikatau biyu ne a inda ake buƙatar ɗaya.

*Under* da *between* ba su da wani sirri: *squeeze under the gate*, *squeeze between two lorries*. Ana ma haɗa biyu a ce *she squeezed in between her brothers*, ta kutsa ta zauna tsakanin 'yan'uwanta.

*Squeeze out* shi ne kishiyar *in*, kuma idan za a ambaci wurin sai an ƙara *of*: *he squeezed out of the car*. Yana da ma'anoni na aro da ake yawan gani a jaridu. *Small traders are being squeezed out of the market* na nufin ana ture ƙananan 'yan kasuwa har su rasa wurin zama. *Squeeze money out of someone* shi ne tatsar mutum.

*Squeeze up* an fi jin sa a Ingila, ana faɗa wa mutanen da ke zaune su matsa su ba wani wuri: *Squeeze up a bit.* A can kuma suna cewa *budge up*, a Amurka *scoot over*. *Move over* kowa yana gane ta.

Akwai kuma suna, *a tight squeeze*. *We all got in, but it was a tight squeeze*, mun shiga duka amma fa an matsu.

Idan lokaci ne ya yi ƙaranci

Sau da yawa *squeeze in* a wurin aiki ba ya shafar wuri ko kaɗan, lokaci yake nufi. Turanci yana ɗaukar ranar mutum kamar wuri mai iyaka, ayyuka suna cika shi, sai a nemi 'yar kafa a cusa wani. Idan ka kira asibiti ko ofis ba ka da alƙawari, abin da za ka ce shi ne *Could you squeeze me in tomorrow morning?* Amsa tana iya zama *The doctor can squeeze you in at ten.* Kai ma kana iya cewa *I'll try to squeeze in a short rest before the evening class*, ko *we squeezed three meetings into one afternoon*. Dokokin *in* da *into* da na wakilin suna duk suna nan yadda suke.

Wannan roƙon yana da ladabi a cikinsa, domin yana nuna ka san mutumin ayyuka sun yi masa yawa, alfarma kake nema. Shi ya sa bai dace ka ce wa babba ko wanda ya gayyace ka da girmamawa *I will squeeze you in* ba. Zai ji kamar ka ce da ƙyar za ka ba shi ragowar lokacinka. A nan gara ka ce *I'd be glad to see you on Tuesday*.

A fagen wasa da gasa, *squeeze through to the next round* ko *squeeze into the final* na nufin tsallakewa da ƙyar. A jarrabawa an fi cewa *scrape through*.

Maƙwabtansa, da lokacin da za ka ɗauki kowanne

*Fit* shi ne aka fi rikitawa da *squeeze*. *Fit* magana ce ta awo: wurin ya isa ko bai isa ba. Ba ya faɗin ko an sha wahala. *The table won't fit through the door*, teburin ba zai shiga ta ƙofar ba. *All my clothes fit into one bag*, kayana duka jaka ɗaya ta ɗauke su. *Squeeze* kuwa yana cewa wurin bai kai ba, ƙoƙari ne ya shigar. Don haka jimla irin *it doesn't really fit, but I can squeeze it in* tana da ma'ana sarai. A batun lokaci *fit me in* da *squeeze me in* kusan ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi nuna cunkoso.

Abu biyu game da *fit*. Shuɗaɗɗen lokacinsa *fitted* ne a Turancin Ingila, a na Amurka kuma yawanci *fit* ne ba canji. Sannan *fit in* idan an yi maganar mutum cikin jama'a yana nufin sajewa da su: *the new boy doesn't fit in* ba cewa ake benci bai ishe shi ba, cewa ake bai saje da sauran yara ba. *Squeeze in* ba ya ɗaukar wannan ma'anar.

*Cram into* yawa yake nunawa, an ɗura abu fiye da ƙima: *forty pupils were crammed into one small room*. *Stuff into* cusa abu mai laushi ne ba tsari, kamar tufafi ko takardu. *Jam into* da ƙarfi ne da gaggawa, har abin yana iya maƙalewa. *Wedge* abin ya kafe tsakanin biyu ba ya motsi: *I was wedged between two sacks of rice*. *Squash into* yana nuna abin zai iya lotsewa ko ya dame, ka yi tunanin tumatir a ƙasan kwando. *Pile into* kuwa jama'a ne suka afka ciki a hargitse, ko da wurin ya ishe su. A cikinsu duka *squeeze* ne mafi laushi, shi ya sa shi ake amfani da shi wajen neman alfarma. Ba wanda zai ce wa likita *cram me in*.

*Cram* da *jam* suna ninka baƙin ƙarshe: *crammed, cramming, jammed, jamming*.

Abin da Turancin Najeriya ya saba da shi

Wanda ya koyi Turanci a Najeriya yana zuwa da wasu ma'anoni na *squeeze* da ba a san su a waje ba. Ana cewa *my shirt is squeezed* idan riga ta yamutse. A Ingila ko Amurka *creased*, *wrinkled* ko *crumpled* ake cewa. Ana cewa *he squeezed his face* idan mutum ya murtuke fuska, a can kuwa *he frowned* ne. A cikin mota ana cewa *shift*, *adjust* ko *dress* idan ana son a matsa. *Dress* a wajen ƙasar sa kaya kawai yake nufi, *shift* ita kaɗai kuma tana iya fita da kaushi. A tasha ka faɗi abin da za a gane ka, babu laifi. A takardar jarrabawa ko gaban baƙo ka koma *move over a little, please* ko *could you squeeze up?*

Furuci

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro suke samun wasali a tsakani: buroshi, sikeli, sitiyari. Baki yana son ya yi wa *squeeze* haka, ya fito da "sikwiz". Gyaran ba shi da wuya, domin sautin "kw" namu ne, yana cikin kwano da kwikwiyo. Fara da "kwiiz", ka ja wasalin. Ka maimaita sau 10. Sai ka sa dogon "sss" a gabansa ba tare da ka buɗe baki tsakaninsu ba, "ssskwiiz", sannan ka riƙa gajarta "s" ɗin. Idan ya ƙi, ka jingina "s" ɗin da kalmar da ta gabata, yadda take rufe gaɓa a iska da kaska. *Can I squeeze* sai ya zama "ka-nais-kwiiz". Haka ma masu harshen suke haɗe shi a zance.

Wasalin dogo ne. Hausa ba ta jan wasali a gaɓar da baƙi ya rufe, don haka harshe zai so ya gajarta shi. Ka ja shi da gangan. Ƙarshen kuma "z" ne mai amo, ba "s" ba. Ɗora yatsa a maƙogwaro, idan ba ka ji rawa ba a ƙarshen kalmar, "s" ka yi.

*Squeezed* gaɓa ɗaya ce, ba "sikwizid" ba. Ƙarin *ed* yana zama gaɓa ne kawai bayan *t* ko *d*, kamar a *fitted*. *Crammed, jammed, wedged* duk gaɓa ɗai-ɗai ne. Sa'ar da aka yi ita ce idan *in* ko *into* ta biyo baya, "d" ɗin yana tsallakawa ya manne da ita: "skwiiz-din", "skwiiz-dintu". Wannan ya fi sauƙin faɗa. Nauyin murya a *squeeze in* yana kan *in*. Idan ka ɗora shi a kan *squeeze* ka haɗiye *in*, za a ji kamar *squeezing* ka ce.

Sai *p* da *f*. *Squeeze past* idan ya fito *squeeze fast* ya koma "matsa da sauri", *fit* kuma ya koma *pit*, rami. Wajen *p* leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe. Riƙe 'yar takarda a gaban baki, ya kamata ta motsa. Wajen *f* haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali. Madubi yana taimakawa a nan fiye da kunne.

Yadda za ka karanta shi a ƙamus

Ƙamusoshin masu koyo na Oxford da Longman suna sa 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da ƙaramar kalmar idan ana iya raba su. Idan ka ga wannan kibiyar a *squeeze somebody in*, ma'anarta suna yana iya zuwa kafin *in* ko bayanta. *Sb* a ƙamus mutum ne, *sth* abu ne. Kada ka tsaya a ma'anar farko da ka gani. Gangara ƙasa, domin irin waɗannan aikatau ana jera su ne a ƙarshen bayanin kalmar, kuma jimlolin misali sun fi fassarar amfani.

Tsarin koyo na mako ɗaya

Minti 15 a rana ya isa, in dai da baki ake yi ba da ido kaɗai ba.

Rana ta farko ka tsaya kan *in* da *into* kawai. Ɗauki jaka ƙarama da kaya biyar, kana cusawa kana faɗa da ƙarfi: *I'm squeezing the towel into the bag. I'm squeezing it in.* Kowane abu jimla biyu, ɗaya da suna, ɗaya da wakilin suna. Haɗa magana da motsin hannu yana sa ta zauna. Rana ta biyu ka ƙara *through* da *past*, ka buɗe ƙofa rabi ka wuce, ka raɓa kujera. Ta uku ta *out*, *up*, *under* da *between* ce. Ta huɗu ta lokaci ce: rubuta saƙonni uku na neman ganin likita, malami da tela. Ta biyar ka kwatanta shi da *fit*, *cram* da *wedge*, ka ɗauki yanayi ɗaya, misali adaidaita sahu da ta ɗauki mutum biyar, ka faɗe shi da kowanne ka ji yadda hoton yake sauyawa. Ta shida furuci ne, ka naɗi muryarka a waya ka saurara, ka nemi wasalin da ya kutso tsakanin *s* da *kw*. Ta bakwai gwaji.

Idan za ka rubuta a kati ko a littafi, rubuta cikakkiyar jimla, ba kalma da fassararta ba. Wanda ya haddace "*squeeze in*, kutsa" bai san inda zai sa *me* ba, wanda ya haddace *Could you squeeze me in?* ya sani ba tare da ya tuna doka ba. Jimlolin su kasance daga rayuwarka, tashar da kake hawa mota, takalmin da ya matse ka. Ka koma kansu bayan kwana 1, 3, 7 da 14. Abin da ba a waiwaya ba yakan gudu cikin 'yan kwanaki.

Ga gwajin. Cike gurbin kafin ka duba amsa.

1. *The lift was nearly full, but two more people squeezed ____.*
2. *She squeezed the letter ____ a small envelope.*
3. *The cat squeezed ____ a hole in the wall and ran into the street.*
4. *Excuse me, can I squeeze ____ you?*
5. Gyara: *The barber is busy, but he will squeeze in us.*
6. Gyara: *My uniform is squeezed, I need to iron it.*
7. *Fit* ko *squeeze*: *This key doesn't ____ the lock.*
8. Mene ne bambancin *they squeezed in a lorry* da *they squeezed into a lorry*?

Ta farko *in* ce, domin ba a ambaci wuri a bayanta ba. Ta biyu *into*. Ta uku *through*, saboda kyanwar ta fita titi. Da a ce ta tsaya cikin ramin ne, da *into* za a sa. Ta huɗu *past* ko *by*. Ta biyar *squeeze us in*. Ta shida *creased* ko *wrinkled* a maimakon *squeezed*. Ta bakwai *fit*, domin maganar awo ce, makulli ko dai na kwaɗon ne ko ba nasa ba. Ta takwas, a ta farko sun samar wa babbar mota wuri, a ta biyu su ne suka matsu a cikinta.

A wasiƙar neman aiki, rahoto ko takardar hukuma, *squeeze in* yana yin sauƙi da yawa. A nan ana sa *accommodate* idan mutane ko alƙawari ne, *schedule* idan lokaci ne, *insert* idan abu ne ake sakawa cikin wani. A imel na yau da kullum tsakanin abokan aiki, a waya, da labarin da ake rubutawa a darasin insha'i, *squeeze in* ɗin ne ya fi dacewa.